Wasiƙun kaka na lokacin Yaƙin Hitila: a sayar ko a adana?

Jikar Soja:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu a unguwar Birni ta Zinder, wato Damagaram, saboda damina ta ci bangon, sai ga wata tsohuwar adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai lambar yabo, da ɗan littafinsa na aikin soja, da wasiƙu ɗaure da zare, wasu cikin ambulan ɗinsu, wasu haka nan. Yawancinsu da Faransanci ne, kaɗan da ajami. Shekarun da nake iya karantawa a jikin hatimi sun kama daga 1939 zuwa 1945. Wani yaro mai harka da masu sayen kayan da ya ga hotunan, ya ce zai ba da jika talatin, amma tambur kawai yake so, wai in ciccire masa, takardun kuma mu riƙe abinmu. Yayana ya ce a karɓa tunda ba a rasa komai ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Baba Na Gidan Waya:
Wa alaikumus salam ƴata. Kafin a ce komai, kada ki cire ko tambur ɗaya. Kada ki jiƙa, kada ki kankare, kada ki yanka da reza. Ki mayar da su yadda kika same su, sannan mu yi magana.

Na Zango:
Jika talatin a kan ƴar takardar da ko ƙulla gyaɗa ba za ta yi ba? Ƙanwata karɓi kuɗinki tun bai farka ba.

Baba Na Gidan Waya:
Ɗana, ai shi yaron a farke yake, ko kuwa wanda ya aiko shi bai san sana'ar ba. Bari in yi bayani, don na ci tuwon gidan waya har na yi ritaya. Tambur shi kaɗai ba ya faɗin komai sai kuɗinsa. Wanda ke magana shi ne ambulan gaba ɗayansa. A gaba akwai hatimin ranar da aka jefa wasiƙa da sunan garin. A baya, in an yi sa'a, akwai hatimin garuruwan da ta ratsa da na ranar da ta isa. Ka haɗa biyun sai ka san kwana nawa ta yi a hanya, ka kuma san ta wace hanya ta bi, ta ƙasa ko ta sama. In ka ɓamɓare tambur ka tafi da rabin hatimin Zinder a jikinsa, ka bar rabi a ambulan, kowanne ya zama gurgu.

Kuma ƴata, duba da kyau, za ki ga wasu ba su da tambur ko ɗaya, sai haruffa biyu, F.M., an rubuta da hannu a kusurwar sama, da wani hatimi mai ruwan shuɗi ko na makuba na rundunar. Lokacin yaƙi soja ba ya biyan kuɗin wasiƙa, Faransa ta yafe masa, shi ne ma'anar haruffan, wato franchise militaire. Sai in yana son ta bi jirgin sama, to nan zai biya ƙarin kuɗin jirgi, shi ya sa wani lokaci za ki ga F.M. ga kuma tambur a gefe. Waɗannan marasa tambur ɗin da yaron bai ko kalla ba, sau da yawa su masu tarawa na gaske suka fi nema.

Jikar Soja:
Wallahi Baba haka ne, akwai masu F.M. da yawa. Wasu kuma an yanke gefensu an liƙe da wata farar takarda, an buga hatimi mai kamar ƙwai a kai. Na ɗauka kaka ne ya gyara su da suka yage.

Mushe Mai Ritaya:
A'a ƴata, ba aikin kakanki ba ne. Hukuma ce ta buɗe ta karanta kafin ta ba shi. In kin duba rubutun hatimin za ki ga ko dai OUVERT PAR L'AUTORITÉ MILITAIRE, wato hukumar soja ce ta buɗe, ko kuma CONTRÔLE POSTAL. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba 1939 aka kafa kwamitocin tace wasiƙu a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Abin da ba su so ya wuce sai su shafe da baƙar tawada ko su yanke da almakashi. Shi ya sa ma soja ba ya rubuta sunan garin da yake, sai lambar sashen waya na rundunarsa.

Amma abin da ya sa nake ganin wasiƙun Damagaram sun fi na wurare da yawa daɗin nazari shi ne inda Allah ya ajiye garin nan a shekarun. Faransa ta faɗi a hannun Jamus a watan Yuni 1940. Gwamna Janar da ke Dakar, Pierre Boisson, ya tsaya bayan gwamnatin Vichy ta Pétain, wadda ta miƙa wuya ga Jamus, don haka Nijar ta zama ta Vichy. A gabas da mu, gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, ranar 26 ga Agusta 1940. A kudu kuma ga Najeriya a hannun Ingila, tana yaƙi da Jamus. Sai Damagaram ta wayi gari maƙwabtanta biyu duk abokan gaba ne a takarda. Kano da ke nan kusa, tafiyar da ba ta kai kilomita 250 ba, ta zama ƙasar da ba a yarda ka yi hulɗa da ita ba, alhali Yamai da ke nesa da mu kimanin kilomita 900 ita ce gida. Haka aka zauna har watan Nuwamba 1942, bayan sojan Amurka da Ingila sun sauka a Maroko da Aljeriya, Dakar ta juya ta bi ɓangarensu. Daga nan kuma sai hanyar Faransa ce ta toshe, tunda Jamus ta mamaye ta duka, sai bayan an ƴantar da ita a 1944. Duk wannan jujjuyawar tana nan a jikin ambulan, in mutum ya iya karatunsa.

Na Zango:
Mushe, da girmanka, amma ni duk wannan tarihin Nasara ne. Pétain da De Gaulle faɗansu suke yi, mu aka kwashe mana gero da dabbobi da samari. Tambur nasu, gidan waya nasu, harshen nasu. Kakannina fatake ne, ba su taɓa sanin ƙofar gidan waya ba. In suna da saƙo zuwa Kano ko Agadas malami ke rubutawa, a naɗe a sa cikin layar fata ko a cusa a rawani, madugu ya kai hannu da hannu. Wannan ita ce wasiƙarmu, kuma ba ta da hatimin kowa.

Ɗalibar Tarihi:
Kawu Na Zango, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Gaskiya ne yawancin ambulan ɗin Zinder da ke yawo a kasuwar Turai na Turawa ne, hafsoshi da ma'aikatan bariki da ƴan kamfani suna rubuta wa iyalansu. Su suka fi rubutu, kuma a can aka adana. Amma ai wannan shi ne ya sa abin da ke hannun Yaya Jikar Soja ya fi ƙarfin jika talatin. Rahoton kwamanda muna da shi jibgi a gidajen ajiyar takardu na Yamai da Dakar da Aix-en-Provence. Abin da babu shi ne muryar wanda aka ɗauka. Me ya tambaya? Gero ya yi? An biya haraji? Wa ya haihu, wa ya rasu? Ko da wani abokinsa mai ilimin lakwal ne ya rubuta masa da Faransanci, damuwar tasa ce.

Kuma a kan fataken, ai rufe iyakar bai hana su tafiya ba. Ta Magarya da Matamaye mutane suka ci gaba da ratsawa zuwa Daura da Kano a ɓoye, saboda yadi da sauran kaya sun yi wuya ƙwarai a ɓangarenmu. In aka samu wasiƙar ajami ta wannan lokaci da ta bi ta hannun fatake, a ajiye ta gefe ɗaya da wadda ta bi gidan waya aka buɗe aka liƙe, sai a ga hanyoyi biyu da saƙo ke bi a gari ɗaya a shekara ɗaya. Ni a wurina duka biyun tarihin waya ne.

Baƙo Daga Kano:
Ina biye da ku daga nan Fagge. Abin da Ɗaliba ta faɗa haka yake. Mu a nan muna ce masa Yaƙin Bama, saboda can aka kai namu, runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma. Kuma a cikinsu akwai mutanen ƙasar Faransa da suka tsallako, wasu gudun aikin tilas, wasu gudun a ɗauke su soja a can, sai ga shi sun faɗa sojan Ingila. Saboda haka kada ku yi mamaki in an buɗe adaka a Damagaram an tarar da wasiƙar da ta fito daga Indiya da hatimin Ingilishi. Namu masu tacewar takardarsu na cewa OPENED BY EXAMINER da lambar wanda ya buɗe. Akwai ambulan da za ka gani da liƙi biyu, Ingila ta buɗe gefe ɗaya, Faransa ta buɗe ɗaya gefen.

Na Zango:
Bakano, ka ce dai kun ji daɗi da aka rufe iyaka, kun huta da tsoron Damagarawa. Ko an manta da Amadu Kuran Daga da yaƙin Gezawa?

Baƙo Daga Kano:
Ba a manta ba, amma ganuwar tana nan ba ku shiga ba. Kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ai ta wurinmu wasiƙunku suka riƙa samun gajeriyar hanya zuwa teku. Ku riƙa godiya.

Baba Na Gidan Waya:
Ku bar wasa, Bakano ya taɓo magana mai amfani. Hanyoyin wasiƙar Zinder sun sha canzawa, kuma sanin su shi ne rabin wannan sana'a. Da fari ƴan gudu ne da mahaya dawaki da raƙuma, zango zango, har bakin Kwara. Da dogo ya zo Kano sai ta Ikko ta fi sauri. A shekarun 1930 motocin wani kamfanin Aljeriya suka fara ratsa hamada, daga Aljas ta Tamanrasset da Agadas su sauka nan su wuce Kano. A tsakiyar shekarun ne kuma jiragen sama na Faransa da na Beljiyam masu zuwa Kwango suka mayar da Zinder zangonsu tsakanin Yamai da Fort-Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu. Wasiƙar da a da take cin makonni ta koma ƴan kwanaki. Kuɗin jirgi bisa nauyi ake biya, giram biyar biyar, shi ya sa za ku ga takardun lokacin sirara ƙwarai har kana hango rubutun baya, mutum ya cika ta gaba da baya da gefe. Da Cadi ta bi De Gaulle sai hanyar gabas ta yanke.

Ɗan Damagaram A Liyon:
Salamu alaikum. Ni ina cikin masu tara irin waɗannan kaya, don haka bari in faɗi abin da ba za a so ji ba. Na farko, ƙanwata, kada wani ya sa ki mafarkin miliyoyi. Tamburan Nijar na 1926, masu hoton mai jan ruwa a rijiya, da masu kwalekwale a Kwara, da masu hoton barikin soja na Zinder, an buga su da yawan gaske. Ƙananan cikinsu a nan kuɗinsu bai kai na kofin shayi ba. Haka waɗanda suka gabace su na 1921, masu Buzu a kan raƙumi, na Haut-Sénégal et Niger da aka buga wa TERRITOIRE DU NIGER a kai. Ki shiga Delcampe, shafin intanet na cinikin tambura da tsofaffin kaya, ki rubuta Zinder ki gani da idonki. Abin da ke ɗaga kuɗi shi ne cikakken ambulan da ya yi tafiya ta gaske, mai hatimin da ke karantuwa, musamman daga ƙananan gidajen waya irin Bilma, Gure, Tanut, Ngigmi ko Magarya, ko mai liƙin tacewa, ko wanda aka mayar wa mai shi saboda hanya ta yanke.

Na biyu, kuma nan ne za mu saɓa da Ɗaliba, ni ban ɗauki sayarwa a matsayin cin amana ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, adaka nawa gara ta cinye a Birni da Zango? Nawa aka ƙona ranar share ɗakin mamaci? Nawa yara suka yi wasa da su? Abin da ya tsira na tarihin wayar ƙasar nan, akasarinsa ya tsira ne don wani tsoho a Turai ya sa kuɗinsa ya saya ya adana a inda ba zafi ba laima, ya kuma rubuta bayaninsa. Wanda ya biya kuɗi a kan abu ba ya barin sa ya lalace.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya, ya tsira, amma ya tsira wa wa? Ni da ke karatu a jami'ar André Salifou a nan Zinder, in ina son ganin wasiƙar da aka rubuta a unguwarmu sai na nemi biza? Kuma mai tarawa ambulan yake so, ba abin da ke ciki ba. Sau da yawa ana raba su, a sayar da ambulan ɗaya ɗaya ga mutane dabam dabam, takardar ciki ta ɓace. Wasiƙu talatin na mutum ɗaya a jere labari ne, daga ranar da aka ɗauke shi har dawowarsa. In aka watsa su ƙasa goma ba mai sake haɗa su.

Ɗan Damagaram A Liyon:
Wannan ta rabawa gaskiya ce, dillalai na yi, don ɗaya ɗaya ya fi kawo kuɗi. Amma ki nuna mini inda za ta kai su a nan ta kwana da tabbacin bayan shekara ashirin jikokinta za su je su tarar da su.

Mushe Mai Ritaya:
Akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, aikinsu ke nan tun zamanin Bubu Hama, kuma akwai gidan ajiyar takardun ƙasa. Amma ni ban ma ce ta kai ko'ina ba. Yau waya na hannun kowa. A ɗauki hoton kowace wasiƙa gaba da baya, da ambulan ɗinta gaba da baya, a ba su lamba, a rarraba wa ƴan uwa da masu bincike. Asalin ya zauna a gida. Sannan ɗana na Liyon, ka tuna akwai dokar 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa, fitar da tsofaffin takardu waje ba abu ne da ake yi da ka ba, sai an tambayi hukumar al'adu.

Malam Na Garin Malam:
Bismillah. Kun yi ta maganar kasuwa da tarihi, ba wanda ya tambayi na wane ne. Abin da mamaci ya bari, in yana da ƙima, gado ne. Ba na jikar da ta buɗe adaka ba ne ita kaɗai, ba kuma na yayanta ba. In ƴaƴan marigayin na raye su ne masu magana, in sun rasu haƙƙin ya gangara ga magadansu. Tun da har an yi tayin kuɗi, to ya tabbata dukiya ce, ba a sayarwa sai da yardar masu haƙƙi.

Sai kuma sirri. Wasiƙa tsakanin mutum da matarsa ce, ko da mahaifinsa. Wataƙila akwai maganar bashi, ko saɓani, ko abin da shi marigayin ba zai so jikokinsa su ji ba balle duniya. Nasara ya buɗe ya karanta da ƙarfin mulki, kada mu kuma mu zo mu baza a intanet da sunan tarihi. A samu babba a gidan ya fara karantawa. Na ajamin kuma, da wuya a rasa Bisimilla da sunan Allah a farkonsu, a kula da inda ake ajiye su.

Jikar Soja:
Allah gafarta Malam, gwaggonmu tana raye, ita ce autarsa, tana Mirya. Zan kai mata maganar kafin komai. Baba, akwai wani abu kuma. Guda biyu ba wasiƙa ba ne, kati ne da aka riga aka buga layuka a kai, da wata kalma Frontstalag da lamba. Akwai kuma wata takarda mai jan kuros, rubutun ciki ɗan kaɗan.

Mushe Mai Ritaya:
Allahu akbar. To ƴata, kakanki ya yi zaman fursunan yaƙi ke nan. Da Jamus ta kama sojan Faransa a 1940, Turawan ta kwashe su zuwa ƙasarta, amma baƙaƙen fata da Larabawa ta ƙi ajiye su a can, ta tsare su a sansanoni cikin Faransa ɗin da ta mamaye. Su ne Frontstalag, kowanne da lambarsa, kuma daga lambar ana iya gane garin da sansanin yake. Ta jan kuros ɗin kuma ta Red Cross ce ta Janeba, wadda ke isar da saƙo tsakanin ƙasashen da ba sa hulɗa. Kalma 25 kawai aka yarda a rubuta, kuma maganar iyali zalla. Ki ƙirga ki gani.

Irin waɗannan fursunoni ne aka dawo da su Dakar a ƙarshen 1944, suka nemi kuɗinsu da aka riƙe, sojan Faransa suka buɗe musu wuta a sansanin Thiaroye ranar 1 ga Disamba. Har yau ana jayayya a kan adadin waɗanda aka kashe, kuma abin da ya sa jayayyar ta daɗe shi ne takardun duk a hannun wanda ya yi harbin suke. Na Zango, ka ji abin da ya sa ba na yarda a ce tarihin Nasara ne. Waɗanda suka dawo ma, dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da fanshonsu, aka bar su suna karɓar abin da bai taka kara ya karya ba shekara da shekaru, kuma duk wanda ya je neman haƙƙi takarda ake tambayarsa. Ɗan littafin sojan nan da ke cikin adakar, da shi ake shari'a.

Na Zango:
To Mushe, na ji ta fursuna, wannan kam a riƙe. Amma har yanzu ina kan bakana a kan tambur. Wanda na taɓa gani a hoto, ga barikin Zinder ga kan Pétain a kusurwa. Wannan in a gidanmu yake ko kyauta na bayar.

Ɗan Damagaram A Liyon:
Na san shi, na 1941 ne, kala biyu, na faran 1 da na faran 2.50. A Faransa gwamnatin Vichy ta buga shi, kuma kundayen da muke aiki da su suna cewa ba a sayar da shi a gidajen wayar Nijar ba. Shi ya sa kusan kullum sabo ake ganin sa, ba hatimi. In wani ya kawo maka shi a kan ambulan da hatimin Zinder raɗau, sai ka yi taka-tsantsan.

Wannan ya kawo ni ga jabu, don akwai shi. Akwai na ƙarya tsagwaronsa, a samu tsohon ambulan a ƙara masa hatimin tacewa da aka sassaƙa jiya. Akwai kuma wanda ba ƙarya ba ne amma na ado ne: tun a wancan zamani wani Bature mai sha'awa zai jera tambura kala kala a ambulan, ya roƙi ma'aikacin waya ya buga masa hatimi, ba wasiƙa a ciki, wani lokaci ma bai yi tafiya ba. Ana gane shi da yawan tambur fiye da kuɗin da ake bukata, da tsabta fiye da kima, da rashin hatimin isa a baya. Wanda ya sha hanya za ka gan shi da lanƙwasa da datti da rubutun fensir na ma'aikata. Na gidan su Jikar Soja ba mai shakkarsu, tunda ga littafin soja ga suna ɗaya ga adireshi ɗaya. Wannan haɗin shi kansa yana ƙara musu daraja, ko a kasuwa.

Hajiya Ta Sabon Gari:
Ni tambayata ta ajiya ce. Muna da irinsu na mahaifin maigidana, na sa an liƙe mini biyu da leda mai zafi irin ta katin ɗan ƙasa, ina shirin kai sauran.

Baba Na Gidan Waya:
Hajiya, tsaya haka nan, kada a ƙara. Ledar nan in ta kama ba ta fita, zafin na dafa tawada, kuma bayan shekaru mannin ciki ya rine takardar. Haka salatif, yau ya yi kyau, gobe ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya gogewa. A cire duk wani ƙarfe, allura ko maƙali, don tsatsa na cin takarda. A cire robar ɗauri. A warware kowace a hankali a shimfiɗe ta tsakanin farar takarda biyu, wasiƙa tare da ambulan ɗinta, kada a raba su. In ta bushe ƙamas saboda hunturu har tana neman karyewa, kada a tilasta mata buɗewa. Akwatin ƙarfe ya yi, amma a ɗora shi a kan wani abu, kada ya taɓa ƙasa ko bango saboda gara da laimar damina, kuma a riƙa buɗewa ana dubawa. Ban da rana, ban da rataye a bango cikin gilashi, a rataye hoton. In za a rubuta lamba, da fensir, a kan farar takardar da aka naɗe, ba a jikin wasiƙar ba. Hannu a wanke a bushe, ban da lasar yatsa.

Ɗan Agadas:
Ina ta karatu shiru. Mu namu ya girmi naku. Akwai wani katin hoto a gidanmu, hoton Birnin Zinder ne a gaba, a baya hatimin 1917, da F.M. ɗin da Baba ya faɗa. Wani ɗan uwa ya kawo shi daga Faransa. Ko yana da alaƙa da yaƙin Kawsan?

Ɗalibar Tarihi:
Shekarar dai ta dace. Kawsan, jagoran Buzayen da suka yi wa Faransa tawaye, da Sarkin Agadas Tagama sun tsare sojan Faransa a barikin Agadas tun Disamba 1916, kuma daga nan Zinder rundunar hafsan Faransa Mourin ta tashi ta isa can ranar 3 ga Maris 1917. Lokacin Zinder ce babban birnin yankin, tun 1911, sai a 1926 aka mayar Yamai, don haka garin cike yake da soja masu rubuta wa gida. Abin da ya biyo bayan shigarsu Agadas, kashe malamai da kwashe littattafai, kun fi mu saninsa.

Ɗan Damagaram A Liyon:
Shekara kaɗai ba ta isa a ce na rundunar ba ne, ɗan uwa, don ko akawun bariki da bai taɓa fita gari ba F.M. yake sawa. Turo hoton bayan katin, ka ɗauka da hasken taga daga gefe, ba da fitilar waya ba, don hatimin da ya dushe ya fi fitowa haka. Ina son ganin wata da rana, da abin da aka rubuta a ƙasan da'irar bayan sunan Zinder, da hatimin rundunar in akwai. In sunan wanda ya aiko na karantuwa, kuma ya mutu a yaƙin, ana iya neman sa a shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar sojan Faransa, kyauta ne.

Ɗan Agadas:
Katin na wurin yayana a Arlit. Zan kira shi da dare ya ɗauko, in ya iya ɗaukar hoton yadda ka ce.